Tallan Yajin da Ya Ɓata wa Inna Takaba

A lokacin da abin nan ya faru ni budurwa ce mai rawar kai, na gama makaranta ban samu aiki ba, ina zaune gaban iyayena a Majidaɗi, cikin Jalingo. Asalinmu mutanen Zariya ne, ɗinki ne ya kawo Baba garin nan tun ba a haife ni ba. Inna kuwa sana'arta yaji, na daddawa da na tafarnuwa da na masu jego, kuma duk unguwa an san hannunta. Ni ce na ɗauki yajin nan na shigar da shi waya. Na sayo ƙananan robobi na sa musu suna Yajin Inna, ina ɗaukar hoto ina sakawa a sitatus, inda duk mai lambata yake gani, kafin ka ce kwabo oda ta fara zuwa daga Yola da Gombe har Abuja, ina kai wa direbobi tasha. Kaina ya yi girma, har tsiya nake yi wa Inna cewa ita daka kawai ta iya, ni ce mai kamfani. Wayata kullum a cike take da hotunan robobi, da ta nuna babu wuri sai in bi tsofaffin abubuwa in goge, ba na ma tsayawa dubawa.

Wata rana muka tafi kasuwar Iware sayo barkono da citta, Baba ya rufe shago ya raka mu, wai ya gaji da jin labarin cinikin Inna, yau sai ya gani da idonsa. An yi biki a unguwarmu a satin, don haka hannun Inna ya sha lalle, ga kwalli, ga jar atamfa. Na ɗauke ta bidiyo tana damƙar barkono tana shinshinawa, tana ja-in-ja da mai kayan. Baba yana bayana riƙe da buhu, ba ya cikin hoton, sai muryarsa. Yana tsokanarta cewa ko masu sayen shanu a kara ba sa daɗewa haka, ta taimaka ta saya kafin barkonon ya tsiro a hannunta. Inna ta ƙyalƙyale da dariya tana kare baki da mayafi. Da muka dawo na yanko wajen dariyar kaɗai, na cire hayaniyar kasuwa da muryar Baba na ɗora kiɗa, don a ganina muryar namiji ɓata talla take yi. Ban saka shi a lokacin ba, na ajiye don wata rana.

Bayan 'yan watanni Baba ya kwanta ciwo na ɗan lokaci, Allah ya karɓi abinsa. Ba zan iya kwatanta yadda gidanmu ya koma ba. Inna ta shiga takaba, ba lalle, ba turare, ba ta ko leƙa ƙofar gida, tana zaune kan tabarma da carbi. Turmi ma ta daina taɓawa, ta ce hannunta ba ya ɗauka. Wata maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Kona, Kirista ce, ƙawar Inna tun suna amare, ita ke zuwa kullum da kunu ta taya ta zama. Ni kuwa bayan an yi sadakar arba'in na koma kan sana'a, ina haɗa yajin da kaina ina zubawa a robobin da ke ɗauke da sunan Inna. Ba a jima ba wata babbar kwastomata ta Abuja ta turo cewa ɗanɗanon ya canza, anya hannun tsohuwa ne kuwa? Wata ma ta faɗi haka. Na ga kamar abin da na gina zai rushe.

Sai na tuna da bidiyon Iware. A cikin masu talla a waya wannan ba komai ba ne, kowa yana ɗauko tsohon hoto ya ce sabon kaya ne. Na saka shi, na rubuta a ƙasa cewa yau Inna da kanta ta je Iware ta zaɓo barkono, masu so su yi sauri. Wallahi kwastomomi kawai nake gani a idona. Na manta shaf cewa a wayar nan guda lambobin dangin Baba suke, kuma abin da mai sayen yaji ta gani, shi 'yar Goggonmu ta Zariya za ta gani.

Goggo yayar Baba ce, ita ta raine shi a Zariya bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma maganarta ita ce magana a dangi. Washegari ta kira Inna a 'yar ƙaramar wayarta mai tocila. Ina tsakar gida ina liƙe robobi, amma ina jin muryar Goggo saboda ɗaga ta da ta yi. Ta ce an nuna mata abin da ba ta taɓa zaton gani ba, ƙaninta ko ƙasar kabarinsa ba ta kwanta ba, matarsa tana kasuwa da jan lalle tana wa duniya dariya. Ta ce shekarun da ya yi yana taka keken ɗinki dominta ashe ba su kai ta zauna masa ɗaki ba. Inna ta ce ta yi haƙuri, ba ta fita ko'ina ba, Allah ya sani. Goggo ta ce ai 'yarki ce ta rubuta da hannunta cewa yau ne, ta kashe wayar. Inna ta ɗago ta dube ni ta ƙofar ɗaki, ta mayar da kai ƙasa.

Na cire bidiyon nan take, amma an riga an sauke shi, yana ta yawo a wayoyin dangi. Abin da ya kamata shi ne in fito a wurin da na yi ƙaryar in ce tsohon bidiyo ne. To amma in na faɗa, kwastomomi za su gane ba Inna ke haɗa yajin ba, ga oda tana shigowa kamar ba gobe. Na ce wa raina maganar za ta mutu da kanta. Maƙwabciyarmu ta tare ni a zaure ta ce ita ba ta san waya ba, amma ta san ƙawarta ba ta taka ƙofa ba, in ana so ta hau mota ta je Zariya ta rantse, za ta je. Ta ce ni yarinya ban da kunya ne ko tsoro ne ya hana ni magana? Na ce mata zan gyara, ban kuwa gyara ba.

Ranar da Inna ta fita takaba ita ce ranar da na san abin da na aikata. A al'adarmu dangin miji sukan zo, ko su aiko da sabon zane da ɗan abin sadaka, a yi wa mamaci addu'a a yi wa matarsa barka. Inna ta yi wanka tun da safe, ta sa na share ɗakin baƙi, ta dafa abinci mai yawa. Duk motsin ƙofa sai ta ɗaga kai. Har la'asar babu wanda ya zo daga Zariya, babu saƙo, babu ko kiran waya. Maƙwabciyarmu ce ta shiga gidanta ta ɗauko sabuwar atamfar da ta ajiye don Kirsimeti ta ɗora mata a cinya. Inna ta yi godiya, ta sa aka raba abincin a unguwa.

Da mutane suka watse na durƙusa gabanta ina kuka na faɗa mata komai. Na ce ta kwantar da hankalinta, akwai shaida, domin a asalin bidiyon Baba yana nan yana magana, duk wanda ya ji zai san yana raye aka ɗauka, yanzu zan tura wa Goggo. Inna ta riƙe hannuna. Na ga fuskarta ta yi wani haske da rabon da in gan shi tun kafin rasuwar. Ta ce in bar maganar Goggo tukuna, da gaske akwai muryarsa a cikin wayar nan? Ta ce in kunna mata, ta gyara zama, ta matso da kunnenta. Na shiga nema. Robobi, robobi, buhunan barkono, hoton takardun tasha. Na kai ƙarshe na dawo farko. Sai yankakken nan kawai mai kiɗa. A nan na tuna ranar da wayar ta cika ina sauri in ɗauki hoton sabon yaji, na bi dogayen bidiyoyi na goge su gaba ɗaya. Baba bai taɓa riƙe babbar waya ba, ba ya tura saƙon murya, babu wani wuri a duniya da muryarsa ta rage sai nan. Inna tana nan da kunnenta a karkace tana jira.

Na kai wayar wajen masu gyara a kasuwa, suka ce abin ya daɗe, an ɗora wasu a kai. Na fito a sitatus na faɗi gaskiya, wasu kwastomomi suka tafi, ban ji zafin tafiyarsu ba. Na kira Goggo, ta ce dama wace 'ya ce ba za ta rufa wa uwarta asiri ba, ta ina za ta san wace maganar tawa ce ƙarya, ta farko ko ta yanzu? Har yau gaisuwarsu da Inna sama-sama ce.

Inna ta koma daka, kuma ko sau ɗaya ba ta goranta mini ba. Sai dai wani lokaci tana tsinke barkono takan ce, me ma ya ce ranar nan a Iware? Sai in maimaita mata maganar masu sayen shanu da muryata, ta yi murmushi ta ce ba haka yake ja ba, amma na kusa.

'Yan'uwana masu talla a waya, na rubuto ne dominku. Kalmar yau da muke liƙa wa tsohon hoto ba ƙaramar ƙarya ba ce, akwai mutum a cikin hoton, kuma shi zai ɗauki abin da ya biyo baya. Kada ku saka fuskar iyayenku a talla ba da saninsu ba. In kun yi kuskure ku gyara shi a ranar, a wurin da kuka yi shi. Kuma kafin ku goge wani abu don samun wurin hoton kaya, ku buɗe ku saurara tukuna. Ni na sami wurin hoton roba, mahaifiyata kuma har gobe tana jira in kunna mata.