Lissafin da Inna ta share da tsintsiya

Shekara talatin ke nan da rasuwar yayana Idi, amma har yau mutanen unguwarmu Ganou, a Parakou, ba su daina yi masa shaidar da ke ƙona mini rai ba. Wai mutumin kirki ne, ya tuba kafin ya cika. Ya tuba daga me?

Yaya malamin kimiyya ne a makarantar sakandare ta Djougou, zamanin jam'iyya ɗaya, lokacin da ake kiran kowa kamarad, wato abokin gwagwarmaya. Idan ya zo hutu gida Parakou, aikinsa ɗaya. Akwai ƙwayoyi a can cikin kowane abu, ƙanana ƙwarai, ana ce musu baryon, kowace da ɗan ƙarfin maganaɗisunta. Shi yana so ya fitar da ƙarfin nan da lissafi kawai. Ya ce na biyu daga cikinsu, furoton da nutoron, ya kusa dacewa da abin da aka auna, na waɗanda suka fi su nauyi ne ke gardama. Matsalar ita ce kansa ba ya buɗewa a kan takarda. Sai ya tsuguna a tsakar gida da tsinke, yana zana kibiyoyi uku-uku a ƙasa, wasu sama, wasu ƙasa, yana zagaya su.

To, mutum ya tsuguna yana zane a rairayi yana magana shi kaɗai, me 'yan unguwarmu za su ce? Bugun ƙasa. Masu manyan motoci suka fara sallama, suna tambayar ranar da ta dace su ɗauki hanya. Ya yi bayani har muryarsa ta dishe, su kuwa suna gyaɗa kai, wai malam yana ɓoye asirinsa.

A shekarun nan gwamnati na farautar masu tsafi. Da 'yan kwamitin juyin juya hali suka leƙo gidan, Inna ba ta jira komai ba, ta ɗauki tsintsiya ta share aikin hutu guda.

"Inna, kimiyya ce fa," in ji shi.

"Ko mene ne, ɗan nan, ba a gidana ba. Rantse mini ba za ka sake zane a ƙasa ba."

Ya rantse, kuma bai saɓa ba. Ya gwada takarda, abin ya ƙi. Ya ci gaba da koyarwa har ƙarshen ransa, amma ban sake ganin fuskarsa da hasken da take yi idan yana zanen nan ba.

Da zai dawo yau ya ga jikokinmu na duba awon ƙwayoyin nan a waya cikin ƙiftawar ido, na san zai yi murna, sannan ya yi faɗa don ba wanda ya tambayi dalilin lambar. Ɗalibansa kaɗan da suka zama malamai sun gaji wannan tambayar, ita ce abin da ya bari.

Sauran jama'a kuwa, kwanan baya wata tsohuwa ta tare ni a kasuwar Arzèkè, ta ce Allah ya jiƙan Malam Idi, da ya bar duba ya kama hanyar gaskiya. Na buɗe baki zan fara bayani, na tuna shi kansa bai iya da su ba. Na ce amin, na tafi ban sayi doyar da ta kai ni kasuwar ba.