Ranar da Goggo Tumba ta tsayar da karatu

Bana shekara tara ke nan da rasuwar Goggo Tumba, yayar mahaifina, mai sayar da busasshen kifin Goronyo a gidanta na Wurno. Allah ya jiƙanta.

Ba ta yi boko ba, amma tana son labari. Wani hutu, lokacin ina koyarwa a Rabah, na zo mata da ƙagaggen littafi a kan wata baiwa da aka kamo tana ƙarama, daga baya ta gudu ta koma garinsu. Kullum bayan la'asar nakan karanta mata babi guda. Inda aka raba yarinyar da uwarta a kasuwa, Goggo ta yi kuka har mai sayen kifi ya haƙura ya tafi. Ta yi ta sa wa marubucin albarka.

Da muka kai ƙarshe, baiwar ta isa gida ana guɗa, sai Goggo ta ɗaga hannu.

"Tsaya, Malam. Mi yas sa ya maishe ta gida? Wane gida? An ƙone shi."

Na ce, "Ai labari ne, Goggo."

Ta ce, "Kakata Nagode, haka anka kawo ta. Ranar da anka ce kowa ya zama ɗa, an buɗe mata ƙofa, ta zamna. Ɗiya huɗu gare ta nan, ta tahi ina? Fadama tar roƙa, ta dasa albasa. Wanga mutum ya san ciwon, amma bai san waɗanda sunka zamna ba."

Ina da shekara arba'in, sai ranar na ji daga inda muka fito. Mahaifina har ya rasu bai taɓa furta shi ba. Ita kuwa ta faɗe shi a tsakar gida, murya a sake, kamar mai faɗin sunan unguwarsu. Har yau mamakinta nake yi.

Yanzu nakan ga samari suna gardamar asali a waya, wane ɗa, wane bawa. Ban sani ba ko dariya za ta yi musu ko faɗa.

Bara dangin mai neman 'yata suka zo daga Achida bincike. Da suka tambayi asali, ƙanena ya taɓa ni da ƙafa. Na ba su tarihin Nagode duka. Suka tashi suka tafi. Mako biyu 'yata ba ta iya cin abinci ba, ni ma haka. Sai ga babban dangin yaron da goro, ya ce, "Gidan da ba a ɓoye muna wannan ba, mi za a ɓoye muna?"

Goggo ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gona ba. Bakin da na amsa wa mutanen nan da shi, shi ta bar mini.