Yadda Na Kai Dokar Bishiya Dugabau

Gwarzo, Talata

Ƙarfe biyar da rabi, ina idar da sallar asuba, na saɓa jaka na nufi tasha. Lokacin ina ƙaramin ma'aikacin gandun daji. Damina ta fara yi mana rowa, sai gwamnati ta kafa doka: duk wanda ya sare bishiya, ko a gonarsa take, sai kotu. Ogana ya ce in je Dugabau in karanta wa manoma, in dawo da sa hannun mai unguwa, in ba haka ba ina cikin waɗanda za a sallama. Motar ofis kuwa wata huɗu ba mai, ana tsuke bakin aljihu.

Hanyar Kabo

Akori-kura na samu, naira tamanin. Sai da gari ya waye na gane a kan itacen girki nake zaune, ɗanye sharaf. 'Yan Hisba suka tsayar da mu, suka ɗaga tamfol suna neman giya.

"Itace ne kawai," in ji direba.

"Halal ne, Allah ya kiyaye hanya."

Ni da doka a jaka na kau da kai. Wa zai so a sauke shi a daji?

Dugabau

Daga Kabo na hau acaɓa, na isa sha ɗaya saura. Bayan azahar na karanta dokar a ƙofar gidan mai unguwa. Wani dattijo, Malam Sale, ya gyara murya.

"Malam, daga wane tsayi tsiro yake zama bishiya?"

Na duba takardar ciki da bai, babu. Don kada a ce ma'aikaci bai sani ba, na ce, "In ya wuce ƙugun mutum."

Mai unguwa ya dangwala hannu nan take. Aka kawo tuwon dawa, na ci har da ƙari, na kwana a zaure ina jin kaina.

Laraba

Bakwai na safe na fito, sai ga mutane cike da gonaki, kowa da fartanya, alhali rani ake. Sun samo wanda ya fi kowa tsayi a garin suna yawo da shi. Duk gawon da bai kai ƙugunsa ba, sai a tumɓuke.

"Baba, me kuke yi haka?"

"Bin doka, Malam," in ji Malam Sale. "Da mu muke rainonsu. Yanzu in na bar wannan ya girma, ya zama na gwamnati, ko reshe ba zan sarar wa awakina ba."

Wallahi ji na yi kamar in yi kuka. Shekara da shekaru suna renon itatuwan nan, bakina ya gama da su a safiya ɗaya.

Na iso gida da la'asar lafiya, alhamdu lillahi, ina kuma gode wa mutanen Dugabau da karamcinsu. Aikina ya tsira. Oga ya ga takarda ya yi ta sa mini albarka, ya ce tunda na iya, gobe in wuce Mainika. Na ce masa zazzaɓi nake ji.