Alayyahun Inna da Baƙin Batir

Duk unguwarmu a Funtua babu mai alayyahu irin na Inna. Ganye fato-fato, kore shar, a ɗan lambunta na bayan gida. In mata suka tambaye ta sirrin sai ta ce baiwa ce. Baiwa ina! Mu 'yan gida mun san takin juji ne. Duk rani sai an kwaso mata ƙasar jujin da ke bayan rumfar masu gyaran batir, wai ta fi kowace baƙi. In kuma ta tsinci mataccen batir, ta fasa shi da dutse ta barbaɗa baƙin cikinsa a fangali, wai maganin tsutsa.

Da na zo gida wankan haihuwar fari, kullum sai ta dama mini fate, alayyahu ya fi tsakin yawa. Ta tsaya a kaina har in suɗe kwano, wai in mayar da jini.

Ana haka ƙanwata, mai karatun aikin gona a Zariya, ta zo hutu. Ta tarar da Inna na fashin batir, ta saki salati.

"Inna, ƙasar nan cike take da dalma! Saiwa ke zuƙarta, ta hau har ganye."

"Ke tafi can. Sau uku nake wankewa, da gishiri."

"Ba a bayan ganyen take ba, a cikinsa take."

Inna ta tsinko ganye ɗaya, ta ɗaga shi sama, ta juya. "To, malama, nuna mini ita."

Ni kuwa, don daɗin fate, na goyi bayan Inna. Na ce yarinyar nan tun da ta je Zariya ko ruwan randa sai ta harare shi. Muka yi ta dariya.

Ƙanwata ba ta yi dariya ba. "Yara ta fi yi wa illa, Yaya. Tana iya bin nono."

Inna ta dubi jaririn da ke cinyata.

Da safe na ji tana faɗa da awaki. Na leƙa. Ta tumbuke lambun kaf, ta tara, ta hana su ko ɗanɗanawa. Tausayinta ya kama ni, na ce ai ga mu lafiya lau.

"Ɗauko mayafinki, asibiti za mu," in ji ta. Ta karɓi yaron ta goya da kanta. "Ni ce fa nake ce miki ki ƙara faten nan."