Zauren da Gwaggo Asabe Ta Hana a Rushe

Shekara goma ke nan da rasuwar Gwaggo Asabe, yayar mahaifinmu, Allah Ya jiƙanta. Har yau in na shiga zauren gidanmu a tsohuwar unguwarmu ta Karaye sai na rage murya, kamar tana ciki tana saurare.

Kakanta ne ya gina gidan, bayan ya gaji da yawon kiwo ya nemi wurin zama. Azarar rufin a kan jakuna aka ɗauko ta daga wajen Rogo. A zauren aka ɗaura auren iyayenmu, a nan aka raɗa mana suna, a nan kuma baƙin kasuwa ke kwana ba a tambayarsu daga ina suke.

Wata damina a farkon shekarun tamanin, bangon zauren ya tsage. Da kaka ta yi, yayana Sani da ke aiki a Kano ya iso da mota cike da bulo da kwano, zai rushe a yi na zamani. Da safe leburori suka zo da diga, suka tarar Gwaggo ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar zauren tana kaɗin auduga.

Yaya Sani ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, don Allah ki tashi, bangon nan zai iya faɗo miki."

Ta ce, "Sannu da ƙoƙari, ɗana. Ku yi aikinku, ni ban tare muku komai ba."

Ba wanda ya iya ɗaga diga. Kafin azahar labari ya zaga unguwa. Maza suka fito kwaɓa ƙasa don gyara bangon, mata na jan ruwa, danginmu na Tudun Kaya suka aiko da nono aka dama fura. Yaya Sani da kansa ya naɗe wando ya shiga taka laka, ana ta yi masa dariya, shi ma yana yi. Bulon nasa banɗaki aka gina da shi.

Yanzu an ja wutar lantarki, an sa talabijin a zauren, yara na cika shi da ihu in ana ƙwallo. Nakan tambayi kaina me za ta ce. Ina jin faɗa za ta yi musu, sannan ta aika musu da soyayyar gyaɗa.

Ba ta bar gona ko shanu ba. Ta dai bar mana wurin komawa. Bana Yaya Sani ya yi ritaya, ga gidansa na siminti a Kano, amma ɗakin Gwaggo ya roƙa a ba shi. Ya ce a nan kaɗai yake barci har ya makara.