Tiburcio da Buhun Barci

Shekara arba'in da ɗaya Tiburcio Colque ya yi yana fataucin gishiri. Duk watan Yuni, lokacin da sanyi ke kan ganiyarsa a tsaunukan Potosí, yakan ɗora wa dabbobinsa, lama ashirin da 'yan kai, masu kama da ƙananan raƙuma marasa tozo, curin gishiri, ya gangara kwari tafiyar mako uku ya musanyo masara. A duk shekarun nan bai taɓa tafiya shi kaɗai ba. Tun suna samari tare suke da Melitón Ayaviri, wani siririn mutum mai tsokanar tsiya, wanda bakinsa ba ya hutawa sai in ya cika shi da ganyen koka, wanda mutanen tsaunukan ke taunawa kamar goro.

Kwana a wannan hanya yana da ƙa'ida. Buzu biyu a ƙasa, don ƙasa ta fi iska zuƙe ɗumin jiki. Barguna huɗu a sama, kowa ya kawo biyu, saƙar gida masu nauyin gaske. Sai mutum biyu su shiga ciki su haɗa baya. Ba wanda ya taɓa tsayawa bayanin dalili, haka suka taso suka tarar. Tiburcio ya san minsharin Melitón da ƙashin kafaɗarsa fiye da yadda ya san fuskar wasu danginsa.

Shekarar da ya cika sittin da takwas, 'yarsa Basilia ta zo daga birnin Oruro da tsaraba: buhun barci ja, irin na masu hawan dutse, cike da gashin tsuntsu, ba nauyi ko kaɗan. Mutum ya shige ya ja zif har wuya.

"Baba, girma ya zo," in ji ta. "Ka yi mini alkawari a ciki za ka riƙa kwana."

Ya yi mata alkawari. Gaskiya ma abin ya faranta masa rai, don ba a taɓa saya masa sabon abu haka ba.

A zangon farko Melitón ya gan shi a cikin buhun, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"To, masara ta samu buhu! Saura a ɗaure baki a ɗora ka kan lama."

"Hassada ke cinka, tsoho. Ungo, duka barguna huɗun naka ne yau, ka sha sarauta."

A tunanin Tiburcio adalci ya yi, har da gyara: mutum ɗaya da bargo huɗu ai ya fi kowa morewa. Nan ya kuskure, kuma kuskure ne na wanda bai taɓa kwana shi kaɗai a dutse ba. Bargo ba ya kawo zafi, wanda jiki ya fitar yake tsarewa. Melitón kuwa ya haura saba'in, fata ce da ƙashi, zafin da ya daɗe yana kwana da shi na Tiburcio ne.

Kwana uku Tiburcio ya yi barcin da bai taɓa yin mai daɗinsa ba, kuma wannan daɗin ne ya kasa yafe wa kansa har yau. Safiya ta huɗu ya ga Melitón ya kasa ƙulla igiyar kaya, leɓe ya yi baƙi, yana wani tari daga can ƙasan ƙirji.

"Haba ɗan'uwa! Tun yaushe? Me ya hana ka magana?"

"In ce me? In ce fito daga kyautar 'yarka ka ɗumama tsoho? Kai ma dai."

Daga ranar buhu ya koma cikin kaya, suka koma haɗa baya. Amma sanyi ya riga ya shiga ƙirji. Tiburcio ya riƙa tallafe shi a hanya, yana dafa masa ruwan zafi a kowane zango, har suka isa kwari gidan mutanen da suke saukar musu. Kwana tara Melitón ya yi a kwance, ya rasu. Tiburcio ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko a mutuwar mahaifinsa.

Bai taɓa gaya wa Basilia yadda aka yi ba. Ita dai ta san ciwon ƙirji ne ya ɗauki abokin babanta.

Mutane sun zaci zai ajiye tafiyar, amma bai ajiye ba. Ya rage dabbobin zuwa takwas, yana bin hanyar shi kaɗai, don samarin yanzu mota suke bi. A buhun yake kwana, tunda ba shi da wata dabara. Duk dawowa Basilia takan tare shi da murnarta.

"Baba, yana da ɗumi dai ko?"

"Yana da ɗumi, 'yata," yakan ce, sai ya sunkuya ya shiga kwance wa dabbobi kaya.