'Yar Wayar da Na Zare daga Fankar Baba

Gara in faɗa muku da bakina: wawan labarin nan ni ne. Har yau in na ji fanka tana ƙas-ƙas a sama, sai na matsa daga ƙarƙashinta.

Lokacin muna haya a Dakata, Baba yana aiki a wata masaƙa a Bompai. Shi ya fara rataya fankar sama a gidan kaf. Da bazara ɗakinmu na kowa ne, don tana busar da gumi, tana korar sauro, matan gida har jariransu suke kawowa su yi barci. Duk Juma'a Baba zai hau tebur ya goge fukafukanta, ya ɗiga mata man keken ɗinki, ya taɓa kowane noti. Duk da haka tana da wata 'yar ƙara da ya kasa maganinta. Dokarsa ɗaya: kada wanda ya taɓa masa ita.

To ni kuma ina aji huɗu, ilimi yana damuna. Ran nan da hantsi aka ɗauke wuta, ɗaki ba kowa. Na ɗora kujera kan tebur, na zame murfin sama, na ga wata lanƙwasasshiyar waya a soke bayan notin da ke riƙe da fankar. Na ce ga mai ƙarar da ta gagari Baba! Na zare ta, na jefa aljihu. Murfin ma ban mayar ba.

Bayan azahar Kaka, wadda ta zo jinya daga ƙauye, ta shimfiɗa tabarma daidai ƙarƙashin fankar, ta kwanta da ƙanwata 'yar wata biyu. Sai aka kawo wuta. Fanka ta tashi a lamba biyar, tana rangaji. Daga bakin ƙofa ina hango notin yana warwarewa a hankali. In kashe, a tambaye ni dalili. In yi shiru, ga kan jaririya. Na tsaya ina kallo, wayar tana sukata a cinya.

Allah Ya kawo Baba daga aiki. Mutumin da ke wuni cikin injuna, kunnensa ya riga idonsa. Ko sallama bai ƙarasa ba ya yar da keke, ya kashe fankar, ya ja tabarmar da mutanen kanta. Da ya hau ya taɓa notin, sai ga shi a tafin hannunsa.

“Ina wayar?”

Na miƙa masa. Na ce, “Gyara na yi, Baba. Ai a makaranta an koya mana…”

Yau fanka har a shagon mai shayi, jikokina ko ɗaga kai ba sa yi su dube ta. Ni kuwa in tawa ta yi ƙara, mai gyara nake kira, don ban manta abin da Kaka ta katse ni da shi ba:

“A aji huɗu ka kusa kai mu kabari. Ku cire shi kafin ya kai aji bakwai ya gama da unguwar!”